Manyan Haruffan Tuukka

Ranar wata Talata a tsakiyar Janairu 'yan sanda biyu, mace da namiji, suka hawo bene har hawa na huɗu suka buga wa Ritva Kyllönen ƙofa. Tun suna hawa na biyu take jin takunsu, domin gidan ba shi da lif, kuma duk wanda ya iso ƙofarta da haki yake isowa. Macen ce ta yi magana. Ta cire hula, ta nemi izinin shiga, ta ce Ritva ta zauna tukuna. Ritva ta ce shekara talatin da huɗu ta yi tana aiki a tsaye a ɗakin wankin asibitin Kajaani, tana iya jin magana a tsaye.

Ɗanta ne, Tuukka. Ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas a Tampere da ƙarfe bakwai da rabi, yana hanyar zuwa aiki. Zuciya ce. Shekararsa arba'in da shida. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Ta ce, "To." Ta tambaye su ko za su sha kofi. Suka sha, don ba su san yadda za su ƙi ba. Da suka tafi ta wanke kofunan, ta goge su, ta mayar da su mazauninsu. Sai a lokacin ta juya ta dubi kusurwar falo, inda kwamfutar take ta gurnaninta a kan tsohon teburin ɗinki.

Shekara biyar ke nan da tsakiyar ganin Ritva ta mutu. Gefe-gefe tana gani, amma duk abin da ta kafa wa ido sai wani toka-toka ya zauna a kansa kamar tabon maiƙo. Jarida ta gagare ta, takardar likita ta gagare ta, fuskar mutum ma sai ta karkata kai. Shekara uku da suka wuce Tuukka ya zo hutu da wata tsohuwar kwamfuta da wurin aikinsu suka yar. Babu hoto a cikinta, babu kala. Baƙin allo ne kawai da fararen haruffa masu kauri, kowanne ya kai farcen babban yatsa. A yini ɗaya ya haɗa ta, tsakanin abincin rana da jirgin ƙasan yamma, yana yi yana cin burodi a kan madannai. Ya liƙa mata manyan haruffa a kowane madanni, ya ba ta doka biyu. Äiti yake kiranta, wato mama a yarensu.

"Äiti, ki rubuta *posti*, ki danna babban madannin nan na dama. Wasiƙa za ta fito. Na biyu, kada ki kashe ta. Ko da wasa."

"In na tafi barci fa? Wuta fa take ci."

"Firjinki ma wuta yake ci. Kina kashe shi?"

Tun daga ranar kullum da ƙarfe bakwai na safe sai ya rubuto mata. Layi huɗu, layi biyar. Sanyin Tampere, maƙwabcin da karensa ke haushi, haƙorin da ke damunsa. A waya ba shi da magana, sai "eh" da "a'a", amma a baƙin allon nan bakinsa yana buɗewa. Ita kuwa ba ta karantawa sai bayan abincin rana, yadda ta saba tun tana aiki, ana ajiye abu mai daɗi sai lokacin hutu.

'Yan sandan sun zo da ƙarfe goma sha ɗaya. Wasiƙar ranar tana ciki, ba a buɗe ba.

Ba ta buɗe ta a ranar ba. Ba ta buɗe ta ba kafin jana'iza, da aka yi bayan mako uku, inda maza biyu suka sauko da ita a kan kujera kamar buhun dankali saboda ƙugunta. Bayan jana'izar ma ba ta buɗe ba. Takan ja kujera ta zauna gaban allon, ta sa yatsa a kan harafin farko, sai ta janye. Lissafinta mai sauƙi ne. Muddin ba ta karanta ba, akwai maganar da Tuukka bai gama yi mata ba. In ta karanta, shi ke nan.

Tun watan Nuwamba, ban da ranar jana'iza, ƙafarta ba ta taka ƙasa ba. Matakala sittin da huɗu ne, a ƙarshensu kuma ƙanƙara mai santsi har bakin titi. Abinci kawo mata ake yi a roba, sau ɗaya a rana. Duniyarta ta koma ɗaki biyu da kicin da tagar da take ganin farinta kawai.

'Yarta Outi, wadda ke zaune a Oulu, ta ce wannan zaman ya ƙare. Ta samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita, a ƙasa, babu bene. Asabar ta ƙarshen Maris za su zo da mijinta da mota su kwashe kaya.

"Ɗakin ƙarami ne, äiti," in ji Outi a waya. "Gado, kujera, durowa. Wancan akwatin ba zai shiga ba. Zan sayo miki irin wadda ke karanta wa mutum da murya."

"Muryar wa?"

"Muryar na'ura mana."

"Ina da kunne tun da can. Ba kunne ɗan'uwanki ya gyara mini ba."

"Za mu yi maganar ranar Asabar."

Ritva ta san ma'anar wannan. Haka Outi ta ce a kan keken ɗinki, haka ta ce a kan kyanwa.

Ranar Laraba, saura kwana uku su zo, ta yanke shawara. Yau bayan abinci za ta karanta. Tana cikin ɗumama miya da ƙarfe goma sai firji ya yi shiru, rediyo ya yi shiru, gurnanin kusurwar falo ya ɗauke. Ashe masu gyaran wuta ne. Sun liƙa sanarwa a ƙofar shiga tun makon jiya, a ƙasa, da ƙananan haruffa.

Bayan awa biyu wuta ta dawo. Kwamfutar ta yi ƙara ɗaya ta tashi da kanta. Ritva ta zauna, ta karkata kai yadda ta saba, ta nemi haruffanta. Babu su. Wani abu ne ya taru a saman allon, siriri, jere-jere, kamar kiyashi sun sami sukari. Ta ɗauko madubin ƙara girma ta kanga. Kiyashin suka ƙara girma kaɗan, suka narke cikin tabon idonta. Ta matsa har hancinta ya taɓa gilashi. Ta kashe fitila, ta kunna, ta ja labule. Ta zauna a wurin har miyar ta yi sanyi ta kama fata.

Sai ta ɗauki sandarta ta tsallaka ta buga ƙofar da ke kallon tata.

Aulis tsohon direban bas ne, shekara saba'in da takwas, matarsa ta rasu tuntuni. Idonsa garau, kunnensa ne ya tafi. Abin jin da ke maƙale a kunnensa yakan yi fito shi kaɗai.

"Kyllönen! Gobara ce?"

"Zo ka duba mini wani abu, kurma."

"Wa ya mutu kuma?"

"Na ce zo!"

Ya zo da silifas, ya sa tabarau, ya leƙa allon. Ya ce rubutu ne, yana nan lafiya lau, ƙanana ne dai. Da ta faɗa masa abin da ke ciki, sai ya cire tabarau ya goge a rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"To ki buɗe mana, in karanta miki. Minti ɗaya ne."

"A'a."

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Wa ma zan faɗa wa?"

"Takardar likita kai ka karanta mini. Takardar fansho kai. Takardar mutuwarsa ma Outi ce ta karanta mini. Wannan tawa ce, ni ya rubuta wa. Ba zan ji ta da muryar mai kiran sunayen tashoshi ba."

"Shekara arba'in ina kiran tashoshi, ba wanda ya taɓa ƙorafi."

"Ba ka dai ji ba."

Ya yi dariya, ya zauna. Suka zuba wa allon ido su biyu. Can Ritva ta tuna da wata mata a wurin jana'iza, doguwa mai furfura, mai warin taba, wadda ta ce sunanta Marjut, shekara goma sha biyar teburinta yana jikin na Tuukka. Ita ce ta karɓi wayar Ritva ta sa lambarta a madanni na biyar, ta ce ko me ya taso.

Ta danna biyar. Marjut ta ɗauka a bugu na biyu, ta saurara ba ta katse ta ba.

"Tsaya," in ji ta. "Kin ce yau ne karo na farko da ta mutu? Tun yaushe take kunne?"

"Tun ranar da ya kawo ta. Shekara uku."

Ritva ta ji wani sauti a wayar, ba ta gane dariya ba ne ko kuka.

"Ɗan banzan yaro," in ji Marjut. "Yi haƙuri, Ritva. Da hannu ya ƙara girman haruffan a ranar, ya ce a ransa anjima zai rubuta shi inda na'urar za ta riƙa tunawa. Bai rubuta ba. Shi ya sa ya hana ki kashewa. A wurin aiki ma haka muke ta tono irin waɗannan tun Janairu. Duk inda ya ce na wucin gadi ne, sai ka tarar ya shekara goma."

"Ɗakinsa ma haka yake tun yana yaro. Zai gyaru?"

"Daga nan ba zan iya shiga ba, mabuɗin yana wurinsa. Amma in akwai mai ido kusa da ke, ke ki danna, shi ya karanta mini."

"Akwai mai ido. Kunne ne babu."

"Me ta ce?" in ji Aulis.

Ritva ta ƙure muryar wayar ta ajiye a kan tebur. Marjut ta ce kalma biyu ce kawai. Sunan haruffan ma ta san shi, domin shekara goma sha biyar Tuukka bai taɓa amfani da wasu ba, har tsokanarsa suke yi. Ta shiga kiran harafi ɗaya-ɗaya da sunayen mutane, yadda ake yi a waya.

"S, Sakari. E, Eemeli. T, Tyyne. F, Fir'auna."

"Wa?" in ji Aulis.

"Fir'auna!" in ji Ritva. "Ba da kai ake ba. Kai dai kalli allo."

Ta bi manyan haruffan da ke kan madannai da gefen ido, tana dannawa da yatsa ɗaya. Kalmar farko *setfont*. Sai tazara. Sai *ter*, sai ƙaramar sanda a kwance, sai *v32b*. Ta danna babban madanni.

Kiyashin ba su motsa ba. Aulis ya ce wani sabon layi ya fito da Turanci, ya fara harhaɗa shi da kyar kamar mai tauna tsakuwa. Marjut ta ce ya isa, ta gane, cewa yake bai sami abin da aka nema ba. A sake.

Suka sake. Haka. Suka sake na uku a hankali, Aulis yana maimaita kowane suna da ƙarfi, abin kunnensa yana fito. Haka dai.

Ritva ta ji ƙarar ashana a wayar.

"Wataƙila ba su cikin na'urar," in ji Marjut. "Wataƙila daga wani wuri ya ɗauko su ranar, ya tafi da abinsa. In haka ne sai na zo da kaina. Ba zan samu dama ba sai bayan bikin Ista."

"Ranar Asabar za su kai ta bola."

Ritva ta ɗora hannuwanta a cinya. Hannuwan sun yi ja sun kumbura tun zamanin ruwan zafi da sabulu, ba su koma daidai ba. Ta ji falon ya matse ta, bango huɗu da allo baƙi, ga maganar ɗanta a tazarar tafin hannu.

"Bari in karanta miki kawai, Kyllönen," in ji Aulis a hankali.

"Na ce a'a."

"Malam mai ido," in ji Marjut. "Bar Turancin. Karanta mini abin da ita ta rubuta, ɗaya-ɗaya. Bayan R, Risto, me ke nan?"

"Sanda."

"A kwance?"

"A'a. A jingine take, kamar mashayi a jikin bangon tasha."

"Ƙarya kake," in ji Ritva. "Ta kwance na danna. Ga ta nan a ƙasa kusa da ɗigo. Makantata ba ta kai nan ba."

"To ni abin da na gani na faɗa. Jingine take."

Wannan karon dariyar Marjut ta fito sosai, har da tari.

"Duk ku biyun kuna da gaskiya. Tsarin madannan ma bai ajiye ba! Na'urar ta farka tana zaton a Amurka take. Abin da ke rubuce a kan madanninki daban, abin da take ji daban. Ritva, nemi sifili a layin sama. Na kusa da shi ta dama, me aka zana?"

"Alamar tarawa."

"Ita za ki danna a maimakon sandar."

"In danna tarawa don in sami ragewa?"

"Haka ɗanki ya bar mana duniya."

Ritva ta sake daga farko. Sakari, Eemeli, Tyyne, Fir'auna. Da ta zo wurin, yatsanta ya tafi ƙasa da kansa, ta janyo shi, ta kai shi sama kusa da sifili. Aulis ya ce, "Yawwa, ta kwanta." Ta ƙarasa, ta danna babban madanni.

Allon ya ƙifta. Haruffan suka kumbura lokaci ɗaya kamar ƙullun da ya sami ɗumi, farare, masu kauri. Ta ga ɗan ɗigon da ke ƙiftawa yana jiranta.

"Sun dawo," in ji ta.

"Madalla. Kada ki ajiye waya, bari mu rubuta shi inda zai zauna, minti biyar ne."

"Anjima."

"Anjima," in ji Marjut. "Yanzu na san inda ya gado."

Ritva ta kashe wayar. Ta juya wajen Aulis, amma ya riga ya miƙe. Ya ce zai je ya ga ko akwai kofi a gidan nan ko kuwa rowa ce ta hana a ba baƙo. Ya shiga kicin ya ja ƙofa, ta ji ya buɗe famfo da ƙarfi, ya bar shi yana zuba.

Ta rubuta *posti*.

Kalmar farko ta fito da ɗigonta biyu a kan harafin farko, kowanne kamar maɓallin riga. Ta karkata kai ta bi layin a hankali, leɓenta yana motsi.

*Äiti. Sanyi ya kai goma sha huɗu a ƙasa da sifili, motar maƙwabci ta ƙi tashi, yana ta zagi tun shida. Jiya na gwada miyar kifinki. Ta zama kunu. Kifin ya narke, dankalin kuwa kamar dutse. Wanne ake fara sakawa? Kada ki hau kujera don shayar da furen nan, na san kina hawa. Bas ya kusa.*

Ta karanta sau biyu. Ta duba ƙasa ko akwai saura. Babu.

"Dankali," ta ce da allon. "Dankali ake fara sakawa, sakarai. Kifi sai an sauke tukunya. Sau nawa ka tsaya a bayana ina yi?"

Sai kukan da bai zo ba a gaban 'yan sanda, bai zo ba a coci, ya zo. Famfon kicin ya daɗe yana zuba.

Ranar Asabar Outi ta iso da kwalaye. Ta tarar da uwarta zaune a gaban teburin ɗinki, tafin hannunta a kan kwamfutar.

"Äiti, mun yi maganar nan."

"Ke kika yi. Durowar ce ba za ta je ba. Kayana su zauna a kwali a ƙarƙashin gado."

"Don Allah, me ke cikinta da ba za a iya..."

"Ya tambaye ni wanne ake fara sakawa a miyar kifi. Ranar. Da ƙarfe bakwai."

Outi ta ajiye kwalin da ke hannunta. Ta daɗe tana kallon allon.

"Shekara arba'in da shida," ta ce. "Bai san dankali ake fara sakawa ba?"

Ita da kanta ta naɗe allon a bargo ta sauka da shi matakala sittin da huɗu, ba ta yarda mijinta ya taɓa ba.

Ɗakin Oulu ƙarami ne kamar yadda aka faɗa. Tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Ƙofar waje tana da lambobin da ake dannawa, ƙanana, ma'aikata ne kawai suka san su. Dokar gidan ita ce duk abin da ke jone da wuta a kashe shi kafin a kwanta, kuma ba su ɗaga wa kowa ƙafa. Marjut ta zo bayan Ista da kwalin kek, ta ce ta zauna ta gyara abin gaba ɗaya, haruffan da madannan, yadda kullum za ta farka daidai. Ritva ta ce ta ci kek ta bar shi yadda ya bar shi. Marjut ta ce ai a haka ko harafi mai ɗigo biyu ba za ta iya rubutawa ba. Ritva ta ce wa za ta rubuta wa.

Wasiƙun sun haura dubu. Ɗaya take karantawa a rana, bayan abinci, daga ta farko tana tahowa. Amma kunnawar da safe take yi, da an kawo kofi. Takan jira gurnanin ya daidaita, kiyashin su jeru a sama. Ba ta ganinsu, ba ta kuma neman kowa ya duba mata. Takan sa yatsa ɗaya ta fara, tana kiran sunayen ƙasa-ƙasa, Sakari, Eemeli, Tyyne, Fir'auna, har ta zo wurin sandar, ta ɗaga hannu zuwa layin sama ta danna tarawa.